Zauren Lissafi: Ɗigo Ɗaya, Ma'ana Uku

Yawancinmu a Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa makaranta biyu muke zuwa, boko da safe, Islamiyya da yamma, kuma kowacce da irin lambobinta. A lambobin Larabci ɗigo (٠) shi ne sifili, 'yar da'irar nan (٥) kuwa biyar ce. Ke nan ٥٠ hamsin ne.

A ajin lissafi kuma, ɗigo raba cikakkiyar lamba yake yi da guntunta: 2.5 biyu da rabi ne. Idan aka rubuta lita 2.5 a jikin robar maganin feshi, ɗigon ya goge muka karanta 25, mun ninka maganin sau goma, sai masara ta ƙone. Haka abin yake a kuɗi: ₦1.50 naira ɗaya ce da kwabo hamsin, amma ₦1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce, domin waƙafi ke ware dubbai.

Ma'ana ta uku: a wasu littattafai, ɗigon da ya hau tsakiyar layi alamar sau ce, wato 2·5 goma ne. A kwamfuta tauraro (*) ke wannan aikin.

Don haka a jarrabawar WAEC ko NECO, mu duba mazaunin ɗigo kafin mu amsa, mu kuma rubuta namu ɓaro-ɓaro, kada mai duba takarda ya rage mana maki.

Aikin gida: nawa ne ٢٠٥? Sai mako mai zuwa.