Tsamiya da Kuka Sun Fi Dacewa da Kaskonmu

’Yan uwana ɗalibai, a Japan ana rainon bishiya a kasko, ana rage mata saiwa da rassa har ta tsufa tana ƙarama. Sunan wannan bonsai. Sukan zaɓi bishiyar mapul mai son sanyi, amma zafin Afrilu na Batsari da Safana zai ƙone ganyenta.

A ganina mu zaɓi namu. Tsamiya ganyenta ƙanana ne, kuma tana jure aski. Kuka tana ajiye ruwa a jikinta, ko an tafi hutu ba za ta bushe da wuri ba.

Masu saran itace suna ta rage Dajin Rugu. Wanda ya raini bishiya da hannunsa, da wuya ya ɗaga mata gatari. Malamanmu, don Allah ku ba kowane aji kasko ɗaya.