Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Darasi Daga Gobarar Koriya

A daren Juma'a, 26 ga watan Satumba, 2025, gobara ta tashi a hawa na biyar na babbar cibiyar ajiyar bayanai ta Gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Dejon. Wutar ta kama ne daga baturan litiyam da ke ɗakin manyan kwamfutoci, a daidai lokacin da ma'aikatan 'yan kwangila ke ƙoƙarin kwashe su zuwa wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Sai da 'yan kwana-kwana suka yi wajen awa 22 kafin su kashe ta sarai. Kafin gari ya waye ayyukan gwamnati fiye da 600 da ake gudanarwa ta intanet sun tsaya cik, har da na gidan waya da na katin shaida. Bayan kwana biyu Shugaban ƙasar, Lee Jae-myung, ya fito ya nemi gafarar jama'a.

Abin da ya fi komai ciwo shi ne wata ma'ajiya mai suna G-Drive, inda dubun dubatar ma'aikatan gwamnati ke zuba takardunsu na aiki. Bayanan da ke cikinta sun kai terabait 858, suka ƙone ƙurmus, ba kuwa a ajiye kwafinsu a wani wuri dabam ba.

Koriya ƙasa ce da ba kasafai ake ɗauke wuta ba, tana kuma cikin manyan masu ƙera batura a duniya. Idan har irin wannan ta auku a can, wajibi ne ƙasar nan ta shafa wa gemunta ruwa. Albashin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya a tsarin IPPIS yake, lambar shaidar ɗan ƙasa a kwamfuta take, ɗalibi kuma ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai a gaban kwamfuta. Ga shi babban layin wutar ƙasar nan ya faɗi sau da yawa a 2024, a watan Oktoba na shekarar ma jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Ya kamata mai karatu ya san aikin batir a irin waɗannan cibiyoyi. Babbar kwamfutar ajiyar bayanai ba ta jure yankewar wuta ko da na ƙiftawar ido ne, domin idan ta mutu tana tsakiyar rubutu, abin da take rubutawa yakan lalace. Janareto kuwa, komai lafiyarsa, sai ya yi daƙiƙa goma ko fiye kafin ya tashi ya ɗauki kaya. Wannan ɗan tsakani shi ne na'urar UPS ke cikewa. Ita mai riƙon ƙwarya ce kawai, ta riƙe wuta na 'yan mintoci har janareto ya karɓa, kuma duk ƙarfinta yana cikin baturanta. Idan baturan sun mutu, sauran na'urar ba ta da wani amfani ranar da aka buƙace ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, batir yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi. Irin na dalma da ruwan batir, wanda aka fi amfani da shi a ofisoshi, yakan yi shekara 3 zuwa 5, na litiyam kuwa yakan kai wajen 10. Masu ƙera na dalma suna yin wannan lissafi ne bisa ɗaki mai sanyin digiri 25, kuma duk ƙarin zafi na kamar digiri 10 yana raba kwanan batir biyu. To, sai a duba ofishin da ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi kan wuce digiri 40, a ce kuma na'urar sanyaya ɗaki ta lalace. Har wa yau, ana jera baturan ne a haɗe kamar sarƙa, guda ɗaya ya mutu sai ya kayar da layin duka, alhali fitilar na'ura na iya ci gaba da nuna kore. Saboda haka ne masana suka ce da zarar ƙarfin batir ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100, lokacin canji ya yi, kuma layin gaba ɗaya ake canzawa, ba a cakuɗa sabo da tsoho.

A Koriya, baturan da suka kama wuta an kawo su ne tun 2014, sun wuce shekara goman da aka ɗibar musu, an kuma ba da shawarar a canza su a 2024. Amma binciken 'yan sanda ya ɗora laifin tashin gobarar ne kan masu aikin, waɗanda ba su yanke wuta gaba ɗaya ba kafin su fara kwance wayoyi. Ke nan jinkirin canji hatsari ne, canji a hannun wanda bai ƙware ba shi ma hatsari ne.

Ko shakka babu, tushen matsalar a ofisoshi da yawa yana cikin kasafin kuɗi. Sayen sabuwar na'ura babban aiki ne, akan yi masa bikin buɗewa da yanke ƙyalle, amma canjin batir ba ya da biki, don haka sai a yi ta ɗage shi daga bana zuwa baɗi. Wasu za su ce kuɗi ba su isa ba, kuma batura sun yi tsada. Gaskiya ne sun yi tsada, amma ana iya sanin kuɗin batir tun ranar da aka sayo shi, kuɗin bayanan fansho na shekara ashirin da suka salwanta kuwa ba mai iya ƙirga shi.

Don haka lallai ne kowane Babban Sakatare da kowane shugaban makaranta ya sa canjin batura cikin kuɗin gudanarwa na shekara-shekara, kamar man janareto. A rubuta ranar da aka girka kowane batir a jikinsa da kuma cikin rajista, a riƙa yanke wuta da gangan lokaci-lokaci don a gwada ko zai ɗauki kaya. A raba ɗakin batura da ɗakin kwamfutoci, kada kuma a ba da kwangilar canji sai ga ƙwararru, injiniyan ma'aikata yana tsaye a kansu. Sama da duka, a ajiye kwafin muhimman bayanai a wani gari dabam.

Ɗalibai masu karatun kwamfuta da na lantarki su ma kada su raina wannan fanni, domin ƙasar nan na buƙatar masu auna batir kamar yadda take buƙatar masu rubuta manhaja. Koriya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. Abin da ya rage ga hukumomin ƙasar nan shi ne su buɗe ɗakunan baturansu tun yau, su duba kwanan watan da ke jiki.