Harafin da ke bin sarki duk inda ya sauka

Wani ɗalibina ya tambaye ni kwanan baya ko akwai dangantaka tsakanin sunayen Tokyo da Kyoto, ganin kamar juya ɗaya aka yi aka sami ɗayan. Rabin zatonsa daidai ne. Gaɓar "to" ta sunayen biyu ba ɗaya ba ce a rubuce, amma "kyo" ɗin guda ce, kuma daga ƙasar Sin Japanawa suka aro ta.

Harafin shi ne 京, Sinawa na furta shi "jing". A rubuce-rubucen da aka tono a jikin ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru na zamanin daular Shang, sama da shekara 3,000 da suka wuce, siffarsa ta dogon gini ce mai rufi. Ma'anarsa ta fari tudu ce ko wani abu mai tsayi. Daga nan ya koma nufin girma, daga bisani ya tsaya a kan mazaunin sarki.

Da mai karatu ya riƙe wannan, sai sunayen su warware da kansu. Beijing fadar arewa ce, Nanjing ta kudu, Tokyo ta gabas. Ita kuwa Kyoto ba a jingina ta da kowace kusurwa ba, birnin fada ce kurum, domin tun shekarar 794 sarakunan Japan ke zaune a cikinta. Sai a 1868 aka sauya wa garin Edo suna zuwa Tokyo, Sarki Meiji ya ƙaura can.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake tuɓe wa gari wannan harafi tamkar rawani. A 1928, da gwamnatin Kuomintang ta zauna a Nanjing, ba ta yarda a sami fada biyu a ƙasa ɗaya ba, ko da a baki ne. Sai ta cire "jing", ta mai da Beijing ta zama Beiping, wato zaman lafiyar arewa. Sunan na da daɗin ji, amma a ganina sauke garin aka yi daga muƙami, aka ba shi haƙuri. Da 'yan gurguzu suka yi nasara a 1949 suka mayar masa da harafinsa. Gwamnatin da ta tsere zuwa Taiwan kuwa ta shafe shekaru tana rubuta Beiping a takardunta, don faɗin Beijing daidai yake da yi wa Mao mubaya'a.