Da Wane Mudu Za A Auna Ilmin Yaron Da Bai Shiga Aji Ba?

Tun da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta na UPE a 1976, kunnuwanmu suka saba da magana guda, wai duk yaron da bai shiga makarantar boko ba jahili ne. Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, a ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci.

A ƙauyukan Talata Mafara da Bakura da Maradun akwai gidajen da 'ya'yansu ba su taɓa zama a aji ba, amma ba a bar su kara zube ba. Iyayen suna da nasu mudun awo. Na farko shi ne allo, watau yaro ya tashi daga babbaƙu zuwa farfaru, har ya cika izu sittin a yi masa walimar sauka. Na biyu sana'a. Ɗan manomin da ke noman rani da ruwan madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978, ana tabbatar da ƙwarewarsa ne ranar da uba ya yanka masa gayauna, ya noma shinkafa, ya kai kasuwar Talata, ya komo da ciniki cif. Na uku hali, watau kunya da gaskiya da riƙon amana. Wace takardar jarrabawa ke auna waɗannan?

To, amma mudun gida ma yana yoyo. Yaron da ya sauke Alƙur'ani, ya iya ajami, amma ba ya iya karanta rubutun kwalbar maganin feshi ko takardar gona, kowane mai wayo zai ci da guminsa. 'Ya'ya mata kuwa, sau da yawa talla ce ake kira tarbiyya. Ga shi kuma dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara.

Saboda haka ra'ayina shi ne a auna abin da yaro ya iya, ba wurin da ya zauna ba. Hukumomin ilmi na Jihar Zamfara su shirya gwajin karatu da rubutu da lissafi cikin Hausa, a boko da ajami. Wanda ya ci a ba shi shaidar shiga ajin da ya dace da shi. Wanda ya kasa a kai wa gidansu ɗauki. Tsara wannan gwaji kuwa aikinmu ne, mu 'yan Sashen Hausa. Allah Ya sa mu dace.