ILMI GISHIRIN ZAMAN DUNIYA: Gurbin Farko A Takardar JAMB Ba Wurin Gwada Sa'a Ba Ne

Da zarar sanyin hunturu ya fara ja da baya a farkon kowace shekara, cibiyoyin rajistar jarrabawa na garin Gombe sukan cika maƙil da samari da 'yan mata. Daga Tudun Wada zuwa Jekadafari, daga Pantami zuwa Bolari, ba ka jin zancen kome a bakin waɗanda suka gama sakandare sai na JAMB, watau hukumar da ke shirya jarrabawar shiga manyan makarantu. Yaro yakan yi wata da watanni yana bitar karatu, iyaye su yi ta fafutukar kuɗin rajista, amma sa'ad da aka zo kan tambayar da ta fi kowace nauyi, wace makaranta yake so da wane fanni, sai a yanke hukunci cikin minti biyu, ana tsaye a bayan mai buga kwamfuta, layi kuma yana jira. Nan ne da yawa suke faɗuwa tun ba a shiga ɗakin jarrabawa ba.

Domin a gane dalili, sai an waiwayi asalin abin. Kafin shekarar 1978 kowace jami'a ita ke shirya tata jarrabawar. Yaro mai ƙwazo yakan nemi uku ko huɗu, duk su ɗauke shi, ya tafi guda, sauran guraben su tafi a banza, alhali ga waɗansu can suna zaune a gida. Da Gwamnatin Tarayya ta ƙara jami'o'i bakwai a 1975, cikinsu har da ta Maiduguri, sai rikicin ya ƙaru. Saboda haka aka kafa JAMB a 1978 don ta tattara neman a wuri guda. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin fasaha da na horon malamai ta zama ɗaya. A 2015 aka koma yin ta da kwamfuta baki ɗaya. A 2017 kuwa, zamanin shugabancin Farfesa Is-haq Oloyede, aka fito da tsarin nan da ake kira CAPS, wanda ta cikinsa kowace makaranta ke miƙa sunayen waɗanda take so, hukumar ta duba ta amince, sa'an nan shi ma ɗalibi ya shiga ya ce ya karɓa ko ya ƙi. Manufar duk wannan ita ce kowane ɗalibi gurbi ɗaya zai samu. Wanda kuwa gurbi ɗaya ke jiransa, lalle ne ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

Gaskiya ne takardar tana ba mutum damar rubuta makaranta fiye da ɗaya. Amma guraben ba darajarsu ɗaya ba. Manyan jami'o'in da ake rububinsu, masu nemansu a gurbin farko ma sun fi ƙarfin kujerunsu, don haka galibi ba su ko kiran wanda ya sa su a gurbi na biyu zuwa tantancewar da suke yi bayan jarrabawa. A Ingila ɗalibi yakan zaɓi wuri biyar, kowace jami'a ta duba takardarsa ba tare da ta san sauran wuraren da ya nema ba. A Nijeriya ba haka abin yake ba. Sunan da aka rubuta a farko shi ne nema na haƙiƙa, sauran kuwa sai abin da hali ya yi.

Abu na biyu da ya kamata iyaye su sani shi ne yadda jami'o'in Tarayya ke raba kujerunsu. Kashi 45 cikin 100 na masu cancanta ne, watau waɗanda suka fi kowa maki, ko daga wace jiha suka fito. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuwa an ware su don jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin zamani, Jihar Gombe kuwa tana cikinsu. Ke nan ɗan Gombe da ya nemi jami'ar Tarayya ta yankinsa, kamar ta Kashere ko ta Maiduguri ko ta Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ƙofa uku ke gabansa: in bai shiga ta cancanta ba, ya shiga ta yanki, in ba haka ba ta jihohin da ke baya. In kuwa Jami'ar Legas ya nema, ƙofar yanki a rufe take gare shi, saura biyu. Wannan lissafi ba asiri ba ne, amma yara nawa ne ake zaunar da su a yi musu shi?

Na uku shi ne fanni. Jarrabawar darussa huɗu ce, jimlar makinta 400. A 2025 an tsai da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 100 kuwa na kwalejojin fasaha da na horon malamai. Yara da yawa sukan ruɗu da wannan, su ɗauka duk wanda ya haye 150 ya sami shiga. Ina! Wannan bakin ƙofar gida ne kurum, kowane ɗaki da nasa makullin. Aikin likita da aikin lauya, alal misali, akwai majalisun da ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta, ba ta kuwa da ikon wuce wannan adadi ko masu nema sun kai dubu nawa. A shekarar 2025 kusan mutum miliyan biyu suka zauna jarrabawar, mafi yawansu ba su kai maki 200 ba. Amma kujerun likita, 'yan tsirarun da ke can ƙololuwa ne ke kokawa a kansu.

A ɗauka ga yara biyu 'yan unguwa ɗaya, kowannensu ya ci 220. Na farko ya rubuta aikin likita a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin sunanta da kuma burin mahaifinsa na a kira ɗansa likita. Na biyu ya rubuta ilmin Kemistiri a Jami'ar Jihar Gombe. Makinsu ɗaya, ƙoƙarinsu ɗaya. Amma na farko ya shiga sahun da ɗaruruwa ke gabansa daga ko'ina cikin ƙasa, na biyu kuwa mai yiwuwa yana cikin na gaba-gaba a nasa sahun, ga shi kuma ɗan jiha a jami'ar jiha. Baɗi war haka ɗaya yana shirin shiga aji biyu, ɗaya yana sake biyan kuɗin rajista. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abin mamaki shi ne Gombe ta yau ba ta rasa gatarin kanta ba. Sa'ad da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Jihar Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996, ba ta da jami'a ko guda, sai Kwalejin Tarayya ta horon malaman fasaha da ke hanyar Ashaka, wadda aka kafa tun 1977. A 2004, zamanin Gwamna Muhammad Ɗanjuma Goje, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada, tana kuma koyar da aikin likita tare da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke cikin gari. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kashere a Ƙaramar Hukumar Akko. Ga kwalejin horon malamai a Billiri, ga kwalejojin fasaha a Bajoga da Kaltungo, ga ta koyon aikin lambu a Daɗin Kowa. Iyayen yaran yanzu, da yawansu sai da suka ɗauki akwati zuwa Maiduguri ko Zariya ko Kano kafin su ga ƙofar jami'a. 'Ya'yansu kuwa waɗansu da ƙafa ma za su iya zuwa.

Wannan ba hani ba ne ga mai babban buri. Yaron da malamansa suka shaida shi ne kan gaba a aji, takardarsa ta sakandare ta yi kyau a zama ɗaya, ya nemi duk inda ransa ke so, kuskure ne ma a danne shi. Abin da ake gudu shi ne zaɓen da ba a gina shi a kan sanin kai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yaro ya san darasin da ke ba shi wuya, malaminsa ya sani, kuma sakamakon jarrabawar gwaji yakan faɗi gaskiya ko ba a so.

Akwai kuma maganar aljihu da ta gida, wadda ya kamata a gama ta kafin rajista. Uban da ya san ba zai iya ɗaukar kuɗin mota da na ɗakin kwana da na abinci shekara huɗu ko shida a wani gari ba, ya faɗa tun da wuri. Haka kuma wanda ya san ba zai bar 'yarsa ta yi nisa da gida ba, kada ya bari ta rubuta makarantar nesa a gurbin farko, sai an ɗauke ta ya ce atafau. In ya yi haka ya jawo mata asarar shekara, ya kuma tare kujerar da wani zai amfana da ita.

Sai kuma ƙananan abubuwa masu kayar da manya. Kowane fanni da darussan da ake bukata a zauna: mai son likita, Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son injiniya, Lissafi a madadin Bayoloji, mai son lauya, galibi sai da Adabin Turanci. Wanda ya haɗa darussa ba daidai ba, ko ya ci 300 ba za a dube shi ba. Hukumar tana da kundin da ya bayyana sharuɗɗan kowane fanni a kowace makaranta, karanta shi wajibi ne. Haka nan sai an ɗora sakamakon sakandare a shafin hukumar, mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi ga galibin fannoni, in ba haka ba sunan ɗalibi ba zai shiga lissafi ba.

In sakamako ya fito bai kai yadda aka zata ba, ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Hukumar ta yarda a biya kuɗi kaɗan a sauya makaranta ko fanni, sai dai a hanzarta kafin makarantar da ake so ta rufe tantancewa. Wanda kuma bai sami jami'a ba bana, shiga kwalejin horon malamai ko ta fasaha ba abin kunya ba ne. Mai takardar NCE ko difloma mai kyau, ko wanda ya ci jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, yana iya shiga jami'a kai tsaye daga aji biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka aiki ya rage ga shugabannin makarantun sakandare na Gombe da kewaye, su ware rana guda kafin a fara rajista, a tara 'yan ajin ƙarshe da iyayensu, a buɗe kundin nan a yi musu bayani dalla-dalla. Yaro ya rubuto zaɓinsa a takarda daga gida, bayan shawara da malami da mahaifi, ya kuma karanta abin da aka buga masa da idonsa kafin ya bar cibiyar rajista. Mai buga kwamfuta aikinsa bugawa ne, ba shi zai yi zaman gida na shekara guda ba in aka yi kuskure.

Allah ya ba yaran bana sa'a, ya sa su dace da abin da ya fi zama alheri gare su, amin.