Kafin ka ce batiri ya mutu, a auna shi tukuna



Makon jiya wata baiwar Allah mai saida ƙanƙara ta kira mu a rediyo, ranta a ɓace. Kuran na zuwa, inbatarta na kunne, amma batiri ba ya ɗaukar caji. Da anka ɗauke wuta sai firigo ya tsaya, kaya su narke. Mai shago ya ce mata batiri ya mutu, ta ci bashi ta sayi sabo. Kwana ukku, matsalar ta dawo. Da wani mai gyara ya duba, ashe fiyus ne ya ƙone tsakanin inbata da batiri. Abin ƴan daloli ya ci mata jikkuna.

Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, gidaje da yawa sunka koma ga sola da batiri. An maido wutar a 2024, kuma muna da tashar sola ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, amma kowa ya ga amfanin ajiyar wuta a gida. Kaya sun cika kasuwa. Sanin aikinsu ne bai cika ba.

Ga abin da ya kamata a duba, kuma bai wuce minti goma ba. A ɗora abin awo bisa kan batiri. Batiri mai bolt 12, in ya cika ya huta, yana nuna 12,6 ko sama kaɗan. In inbata na cajinsa, awon zai hau tsakanin 13,5 da 14,4. In kuran na nan amma awon bai motsa ba, to caji ne bai isowa, a nemi laifin a hanya: fiyus, waya da ta saki, ko farin garin nan da ke cin kawunan batiri.

Sannan a auna wutar da ke shigowa. Inbata na jiran kusan bolt 220. In kuran ya zo da rauni ƙwarai, ko gurup na hawa da sauka, sai ta ƙi karɓa, ta ci gaba da zuƙar batiri alhali kai kana ganin ƙwan maƙwabci na ci. Wasu inbatocin kuma, in batiri ya faɗi ƙasa da yawa, ba su fara caji sai an ɗan tada shi da wata caja. Masu pano, ku tuna ƙurar hunturu na rage ƙarfinsa.

Ban ce batiri bai mutuwa ba. Zafin Afrilu da Mayu na gajarta ransa, haka shanye shi ƙarƙaf kowane dare. Na mota kuwa don tada inji anka yi shi, ba don fanka ta kwana kansa ba. Mai ruwa, a ƙara mishi tataccen ruwan batiri, ba na rijiya ba.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yanke hukunci babu awo. Likita bai rubuta magani daga bakin ƙofa. Ƴan kasuwa, ku ajiye abin awo a shago, ku nuna ma mai saye lambar da idonsa. Wanda ya tsirar da kuɗin mutum yau, gobe wurinsa za a dawo. Magadan gari da cibiyoyin koyon sana'a, ku horar muna da matasa kan wanga aiki, ga abinci nan a ƙofar gida.

Mu kuma masu saye, in an ce batiri ya mutu, mu tambaya: nawa awon ya nuna? In babu amsa, kuɗinka su zauna aljihu. Kuma don Allah kar a taɓa wayoyin nan sai an kashe inbata an cire ta daga kuran.

Allah Ya sa mu dace.