RA'AYINMU: Malama, Ke Fa An Duba Ki?



A bara mun binne wata 'yar'uwa, malamar firamare, wadda kuma ta daɗe tana koyarwa a Makarantar Lahadi. Sankarar bakin mahaifa ce ajalinta. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ta san sunan ciwon, don ita ke koya wa 'yan aji shida darasin kiwon lafiya. Amma ta fi shekara guda tana ganin jini ba a lokacin al'ada ba, ba ta faɗa wa kowa ba. A taron Zumuntar Mata takan ce a tuna da ita cikin addu'a saboda "wata damuwa". An yi addu'ar kuwa, sai dai ba wanda ya tambaye ta ko ta je asibiti. Ranar da aka kai ta, likita ya ce an makara.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 12,000 suka kamu da wannan ciwo a Nijeriya, kusan 8,000 kuma suka mutu. Wata ƙwayar cuta da ake kira HPV ke haddasa shi, ana kuwa ɗaukarta ta wurin saduwar namiji da mace. Yawancin waɗanda suka ɗauka, jikinsu kan kawar da ita ba tare da sun sani ba. A jikin wasu matan ne take zaunewa, tana ɓata fatar bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama sankara. Ga mace mai ɗauke da HIV haɗarin ya ninka har sau shida. To, a cikin waɗannan shekaru masu yawa ba ciwo, ba jini, ba wata alama, kuma a lokacin ne gwaji yake da amfani. Ma'aikaciyar jinya takan shafa wani ruwa mai tsami a bakin mahaifa ta duba, ko a ɗebi abin gwaji a kai ɗakin bincike. In an ga wurin da ya soma canzawa, sau da yawa akan magance shi cikin 'yan mintoci, mace ta koma gida da ƙafarta. Shawarar masana ita ce kowace mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25.

Me ya sa muka ware malamai mata? Domin a yawancin ƙauyukanmu, malama ce macen da ta fi kowa karatu a majami'a. Ita ke karanta wa tsofaffi takardar asibiti, ita ce sakatariyar zumunta, ita ake tambaya in wani sabon abu ya shigo gari. Tun watan Oktoba na 2023 gwamnati ta sa allurar riga-kafin HPV cikin alluran da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. An soma da wasu jihohi, cikinsu har da Kano da Jigawa da Bauchi, sauran suka biyo baya a watan Mayu na 2024. Makarantu na cikin manyan wuraren da aka yi ta. Uwa ba za ta tambayi ma'aikacin da ya zo da akwatin allura ba, malamar 'yarta za ta ja gefe ta ce, "Malama, tsakaninki da Allah, abin nan ba illa?" In malama ta yi shiru ko ta ɗaga kafaɗa, shi ke nan, gobe yarinya ba za ta zo makaranta ba.

Mun ji maganganun da ake yi, har a bakin wasu dattawanmu. Wasu na cewa allurar tana hana haihuwa. Irin wannan jita-jita ce ta sa aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003, yara kuwa suka shanye a banza. Wasu kuma na cewa yi wa yarinya wannan allura kamar ba ta izinin lalata ne. Ba mu yarda da wannan ba ko kaɗan. Muna koyar da tsarki, ba za mu fasa ba. Amma mace tana iya kiyaye kanta har ranar aure, ta yi zaman aminci da mijinta, ta kuma ɗauki ƙwayar daga wurinsa, shi ma bai san yana ɗauke da ita ba. Wanda ya ɗora wa mai wannan ciwo zargin zina ya ƙara mata nauyi, ya kuma rufe bakin matan da ke kallon yadda aka yi da ita. Mu tuna da matar nan ta Markus sura 5, wadda ta shekara 12 tana zubar da jini. Ubangiji bai kore ta ba, a gaban taro ma ya saurare ta.

Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Mai roƙon Allah ruwan sama ba ya barin gonarsa ba shuka.

Saboda haka muna roƙon shugabannin makarantun da ke ƙarƙashin ikkilisiyoyinmu su ba kowace malama rana guda ta zuwa gwaji, ba tare da an taɓa albashinta ba. Mun san albashin ma ba ya zuwa a kan kari, shi ya sa muke kira ga dattawa su cire kuɗin mota daga asusun taimako, kamar yadda ake yi ba gardama in za a je jana'iza. Maza kuma, kada ku jira sai ta roƙa. Ku ce ta je, in da hali ku raka ta. Matar da kunya ta hana, ta nemi mace ta duba ta, wannan ba laifi ba ne.

Ke kuma Malama, in kina ganin jini bayan saduwa da maigida, ko tsakanin al'ada da al'ada, ko bayan kin daina al'ada, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da na baya da ya ƙi tafiya, kada ki jira ranar da zumunta za ta shirya. Ki je asibiti a wannan makon. In ma lafiyarki lau, ki je a duba ki, domin ranar da uwar ɗalibarki ta tambaye ki, ki iya ce mata, "Ni ma na yi."

Muna roƙon kowace Zumuntar Mata ta sa wannan batu a taronta na gaba, ta gayyato ma'aikaciyar jinya daga asibiti mafi kusa, sa'an nan sakatariya ta aiko mana da sunan asibitin da ake yin gwajin a yankinsu da kuɗin da ake biya. Za mu buga jerin a fitowa ta gaba, in Ubangiji ya yarda.